Fura Sha Ake Yi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da asibiti ɗaya ne ke ɗaukar gari da ƙauyukansa duka. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin na san halinku, ina faɗa wani zai ce ai kakansa ma a can aka yi masa aiki, mu bar wa'azi mu koma musu. Sunan mutumin Malam Sallau, ma'aikacin jinya ne, irin waɗanda kuke ce wa nas. Na baya ku matso, ku ajiye hirar nan tukuna, ba za ta gudu ba.

Malam Sallau ba malamin zaure ba ne, ba kuma wani babba ba ne a gari. Ɗan gajere ne mai sanyin murya, farar rigarsa ta aiki ta sha wanki har wuyanta ya fara cinyewa. Mutanen ƙauye kan ce masa Likita, shi kuwa sai ya tsaya ya gyara musu, ya ce shi ba likita ba ne, mai jinya ne. Shekara ashirin da shida yana wannan gyaran, ba su daina ba, shi ma bai gaji ba.

A ɗakin maza, inda yake aiki, akwai wani littafi mai baƙin bango a kan teburin ma'aikata. Littafin ƙa'idojin aiki ne. A cikinsa aka rubuta yadda ake kowane aiki daki-daki: yadda ake wanke ciwo, yadda ake ƙarin ruwa, yadda ake juya marar lafiyar da ba ya iya motsi don kada bayansa ya yi gyambo. An ajiye shi ne don kada nas na safe ya yi nasa, na yamma ya zo ya yi nasa daban, marar lafiya ya zama abin gwaji a tsakani. Kowa ya san da littafin, amma ba kowa ke buɗe shi ba. Malam Sallau kuwa, aikin da ya yi sau dubu, sai ya buɗe ya duba kafin ya yi na dubu da ɗaya. Abokan aikinsa har suka sa masa suna Malam Duba-littafi. In sun tsokane shi sai ya yi murmushi ya ce musu littafin nan ana gyara shi, wanda ya dogara da haddarsa zai yi ta aiki da karatun bara bai sani ba.

To, ku saurara. Littafin nan da Turanci aka rubuta shi, marasa lafiya kuwa Hausa suke ji. Kowane nas sai ya fassara wa marar lafiya yadda ya ga dama. Malam Sallau ya ga wannan ba daidai ba ne, ya zauna ya rubuta Hausar shafin da ake bi wajen shirya mutum kafin a shiga da shi tiyata. Shugabannin asibiti suka karanta, suka yaba, aka buga aka manna a littafin kowane ɗaki. Har aka riƙa ce masa shafin Sallau. Zan gaya muku gaskiya, yana jin daɗin sunan nan, ai ɗan Adam ne. Duk shekara in an zo bitar littafin, shi ake miƙa wa shafin, ya karanta, ya rubuta "babu gyara", ya sa hannu da kwanan wata. Haka aka yi shekara goma sha biyu.

A shafin akwai magana ɗaya mai nauyi. Kun san in aka ba mutum maganin barci na tiyata jikinsa saki yake yi, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa masa huhu. Shi ya sa ake son ciki ya zama wayam. Turancin cewa ya yi kada komai ya shiga baki. Malam Sallau ya rubuta a gaya wa marar lafiya, "Kada ka ci komai daga isha'i har a gama aiki." Da safe kuma a tambaye shi, "Ka ci wani abu?" Kun ji wani aibu a ciki? Ni ma ranar da aka fara ba ni labarin ban ji ba.

Ana nan sai aka kawo wani manomi, sunansa Jatau, ciwon ƙaba ya hana shi sunkuyawa a gona. Matarsa Tabawa ce ke jinyarsa, mace mai kunya, ko kallon fuskar ma'aikata ba ta yi. Likitan tiyata ya duba ya ce gobe za a yi aiki. Bayan la'asar Malam Sallau ya zo da littafi a hannu, ya karanta musu maganar kamar yadda take a rubuce, ya tambaye su ko sun gane. Suka ce sun gane.

Gari ya waye. Jatau ya fito baranda ya yi alwala ya yi salla, ya zauna yana hamma. Tabawa ta dubi mijinta, mutumin da a gida kwanon tuwo biyu ne karin kumallonsa, ga shi za a kai shi a yanka da cikin yunwa. Tausayi ya kama ta. Tana da furar da ta saya jiya a bakin ƙofar asibiti, ta dama masa mai kauri da nono, ƙwarya guda. Ya sha ya yi hamdala, ya koma gadonsa.

Da hantsi Malam Sallau ya zo da takardarsa. Ya gwada zafin jiki, ya gwada jini, ya zo kan tambaya.

"Malam Jatau, ka ci wani abu?"

"Ban ci komai ba, Likita. Tun isha'i ban ci komai ba."

Jama'a, mutumin nan ƙarya ya yi? Bai yi ƙarya ba. Malam Sallau ya tsallake wani abu a littafi? Bai tsallake ba. Ya sa alama a takarda, aka tura Jatau ɗakin tiyata.

Ana ba shi maganin barci, kafin ma a sa wuƙa, sai amai ya taso. Furar nan ta bi ta inda numfashi ke bi. Likita da mutanensa suka yi ta fama har Allah ya sa numfashi ya dawo, amma huhu ya riga ya taɓu. Aka fasa aikin, aka dawo da shi an sa masa iskar oksijin, zazzaɓi ya rufe shi, bai san wanda ke kansa ba.

Likita ya fito ransa a ɓace yana tambayar wanda ya ba shi fura. Aka leƙa baranda, ga ƙwarya nan da ludayi, ko wankewa ba a yi ba. Shi ke nan, an sami mai laifi. Shugabar ma'aikatan jinya, wata Sista Rifkatu, ta ce kada Tabawa ta sake shiga ɗakin, kuma a rubuta a rahoto cewa dangin marar lafiya ne suka karya doka. Da rana yayan Jatau ya iso daga ƙauye da ƙannensu biyu. Sunansa Ɗantsoho, mutum mai zafi. Yana jin labari ya ce an ce kada a ba Jatau abinci, Tabawa ta ba shi, to ya rayu ko ya mutu, suna komawa gida za ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta. Tabawa ta tashi daga wajensu. Ta je gindin wata dalbejiya a harabar asibiti ta zauna nesa da su.

Washegari Malam Sallau zai wuce sallar azahar ya gan ta a nan, abincin da wata mata ta ajiye mata ƙudaje na bi. Shi ma fa a ransa laifinta yake gani, amma ba ya iya wuce mai baƙin ciki. Ya tsaya ya yi mata sannu, ya gaya mata zazzaɓin bai ƙaru ba. Sannan ya tambaye ta a hankali abin da ya sa ta yi haka bayan ya karanta musu doka da bakinsa.

Ta ɗago kai, karon farko da ta dube shi. Ta ce, "Likita, ku kuka ce kada ya ci. Ban ba shi tuwo ba, ban ba shi ƙosai ba. Fura ai sha ake yi."

Ku saurara da kyau. Fura sha ake yi. Wa ya taɓa cin fura a cikinku? Wa ya taɓa cin kunu, wa ya taɓa cin koko? Malam Sallau Bahaushe ne gaba da baya, da furar nan ya girma, amma shekara goma sha biyu yana karanta shafin nan da idon wanda ya riga ya san abin da ake nufi. Bai taɓa jin sa da kunnen matar ƙauye ba. Ya tsaya a wurin har aka tayar da salla bai sani ba.

Yanzu ga inda jarrabawar take. Ba wanda ya ji maganar nan sai shi da Allah. Ita ba ta san shi ya rubuta shafin ba, kuma ko ta sani, wa zai saurare ta? Rahoto an riga an tsara shi. Ga kuma wani abu da ban gaya muku ba: ƙarshen watan nan shugaban ɗakin maza zai yi ritaya, kuma kowa ya san Malam Sallau za a ba kujerar, bayan shekara ashirin da shida yana jira. Shaiɗan kuwa, kun san shi, ba ya zuwa wa mutumin kirki da maganar banza, da hujja yake zuwa. Ya ce masa ai ka bi ƙa'ida. Ya ce masa ai shugabanni ma sun karanta sun amince. Ya ce masa ai duk mai hankali ya san fura abinci ce. Kuma duk abin da ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake da haɗari.

Malam Sallau bai yi gaggawa ba. Ya ce bari ya tabbatar, ko ita kaɗai ce ta fahimci maganar haka. Bayan salla ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya yana tambayar marasa lafiya: in na ce kada ka ci komai, za ka sha kunu? Wani tsohon mahauci ya yi dariya har ɗinkinsa ya yi masa zafi, ya ce kunu ai jiƙa maƙoshi ne, ba a sa shi a lissafin abinci. Wani ya ce shi har rake ma zai sha, tunda ba a ce kada a sha ba. Cikin mutum goma sha huɗu, tara sun tsaya inda Tabawa ta tsaya. Sai ya tuna wasu da suka yi amai a tiyata a shekarun baya, Allah ya taƙaita abin, aka ce taurin kan marasa lafiya ne aka wuce. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ya ɗauki littafin ya tafi ofishin Sista Rifkatu. Kada ku ɗauka muguwa ce, mace ce mai kirki, kuma tana ganin girmansa. Ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau. Sannan ta ce gaskiya shafin yana son gyara, kuma za a gyara shi a makon nan. Amma ta ba shi shawara a yi gyaran a matsayin bita ta yau da kullum, a bar rahoto yadda yake, kada ya jawo wa kansa abin da zai hana shi kujerar da ya cancanta. Ta ce marasa lafiyar gobe sun tsira, shi ma ya tsira, wa aka cuta?

Ya ce, "Sista, in muka gyara a ɓoye, takarda ta warke. Amma matar nan tana waje da laifin da ba nata ba, kuma da shi za a kore ta daga ɗakinta. Ni na rubuta kalmar, ni na karanta musu. A sa sunana."

Ta yi ƙoƙarin lallashinsa, ya ƙi. Ya zauna a gabanta ya rubuta abin da ya faru da hannunsa, bai ƙara ba bai rage ba, ya sa hannu.

Da na ji wannan na ce ai ya gama, ya sauke nauyi. Ashe da saura, kuma sauran ya fi wuya. Rubuta wa manya takarda a ofis abu ne mai sauƙi a kan fuskantar mutanen da ɗan'uwansu ke kwance rai a hannun Allah. Malam Sallau ya fita harabar asibiti, ya sami Ɗantsoho da ƙannensa a kan tabarma, ya roƙi a kira Tabawa. Ya durƙusa da farar rigarsa a ƙasa, masu jinya na kallo, ya bayyana musu komai. Ya ce matar nan abin da aka gaya mata ta bi, ba a ce mata kada ya sha ba, kuma wanda bai faɗa ba shi ne.

Ɗantsoho ya miƙe. Babu irin maganar da bai gaya masa ba. Ya ce shekara nawa kana aikin nan ba ka san Hausa ba, ya ce in ƙanensa ya mutu ba zai yafe ba har gaban Allah. Malam Sallau bai ce ai na bi littafi ba, bai ce ai manya ma sun sa hannu ba. Kansa na ƙasa, abin da yake cewa kawai shi ne haka ne, kuna da gaskiya. Da faɗan ya lafa ya juya wajen Tabawa ya ce, "Baiwar Allah, kwana biyu kina ɗauke da kayana. Ki yafe mini."

Hawaye kawai take yi. Da ƙyar ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ɗantsoho ya daɗe a tsaye yana huci. Irinsu ba sa ba mace haƙuri da baki, kun san su, wataƙila ma akwai su a nan. Ya juya gefe kamar da bishiya yake magana, ya ce, "Tashi ki shiga wajen mijinki." Sista Rifkatu da kanta ta riƙe mata ƙofa.

A makon nan aka zauna gyaran shafin. Wani sabon likita ya ce abu mai sauƙi ne, a ce wa marar lafiya ya yi azumi, kowa ya san mai azumi ba ya ci ba ya sha. Har an fara gyaɗa kai sai Malam Sallau ya ce a yi haƙuri, in ka ce wa Bahaushe gobe azumi, da asuba zai tashi ya cika ciki da sahur, ya zo maka yana murna ya bi doka. Aka yi dariya, aka bar wannan. Suka rubuta sabuwar magana: kada ka ci, kada ka sha, ko fura, ko kunu, ko koko, ko shayi, ko rake, ko ruwa ne sai ka tambayi nas. Tambayar safe ma aka sauya ta, aka ce a tambayi mutum abin da ya shiga bakinsa na ƙarshe da lokacin da ya shiga, a kuma tambayi mai jinyarsa daban. Malam Sallau ya ce kada a buga tukuna, ya kai takardar baranda ya karanta wa masu jinya, ya ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Sai da ya ji sun maido masa da maganar daidai aka buga. Ya bi ɗaki-ɗaki ya ɓare tsohon shafin da hannunsa don kada wani ya yi aiki da shi, ya manna sabo. Tun daga lokacin aka sa doka a asibitin cewa ba a sake rubuta "babu gyara" a kan maganar da ake gaya wa marasa lafiya sai an gwada ta a kunnensu.

Jatau ya farfaɗo bayan kwana biyar, ya yi mako uku a kwance, ya tashi da wani tari da bai rabu da shi ba duk lokacin sanyi. Bayan wata biyu aka yi masa aikin ƙabar lafiya, Tabawa na gefensa, suka koma gida tare.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce sai shugabanni suka ga gaskiyarsa suka ninka masa girma. Ba a yi haka ba. Takardar gargaɗi aka ba shi, aka ajiye a fayil ɗinsa. Shugabancin ɗakin aka ba wani da shi ya koya wa ɗaure bandeji. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba, har ya yi kwanaki ba ya son hira. Amma ya ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, yana yi wa sabon shugaba biyayya, har ya yi ritaya yana nas kamar yadda ya fara. Ladansa yana wurin wanda ba ya mantuwa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Bin ƙa'idar aiki amana ce, kuma wanda ya raina ta yana wasa da rayukan mutane. Amma ƙa'idar nan mutum ne ya rubuta ta, mutum kuwa yana kuskure, don haka gyara ta in aibunta ya bayyana shi ma amana ce. Daɗewar abu ba ta mai da shi daidai. Kai ma'aikacin asibiti da ke cikinmu, buɗe littafin nan, kada ka ce ka haddace. In ka gaya wa marar lafiya magana, kada ka tsaya a "ka gane?", kowa zai ce ya gane don kunya, ka ce ya maimaita maka. Kai malamin makaranta, kai direba, kai maigida da kake cewa haka muka saba, ku ma da ku nake.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi. Da yawanmu muna iya gyara kuskure in ba wanda zai san namu ne. Mu gyara a ɓoye, mu shafa fuska, mu bar wani da baƙin jini. Wannan rabin tuba ne. Kowannenmu ya tambayi kansa yanzu, ba sai ya gaya wa na kusa da shi ba: akwai wanda ake zargi a gida ko a wurin aiki, alhali ka san maganarka ce ba ta fita daidai ba? Matarka ce, ko abokin aikinka, ko wanda ke ƙarƙashinka da ba shi da bakin kare kansa? Ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka a rai tun ina magana. Ka je ka same shi a gaban mutanen da suka zarge shi, ka ce laifin nawa ne. Za a iya zaginka, za ka iya rasa wani abu, ban yi maka alkawarin ba za ka rasa ba. Amma gara ka sauke masa kayan nan yau da ƙafarka, da a tsayar da ku gaban Allah a ce ya sauke maka su a kai.

Allah ya nuna mana kurakuranmu tun muna da ikon gyarawa, ya ba mu ƙarfin zuciyar amsa su. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Ku tashi mu yi salla.